Laccar Yamma a Fréjus, Inda Ake Ba da Labarin Kakanninmu

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga Marseille zuwa Nice zai iya wuce Fréjus bai ɗaga kai ba. Ƙaramin gari ne a bakin Bahar Rum, a kudancin Faransa, manne da maƙwabcinsa Saint-Raphaël, har baƙo ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma. Rairayin bakin teku ke kawo masu yawon buɗe ido, sai kufan Rumawa: filin wasa da ragowar magudanar ruwa da suka doshi shekara 2,000. Amma in ka ba teku baya, ka bi hanyar Bagnols-en-Forêt ta cikin itatuwa, wani Fréjus ɗin za ka tarar. Garin soja ne. Akwai bariki, akwai wurin ibadar mabiya Buda da sojojin Biyetnam suka gina a 1917, akwai babbar maƙabartar waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen Faransa na can gabas mai nisa, sannan akwai gidan tarihin rundunar da ake kira Troupes de Marine.

Sunan kan sa mutum ya zaci sojojin ruwa ne. Sojojin ƙasa ne. Asalinsu tun 1622, lokacin da aka kafa su don tsaron jiragen ruwa da tashoshinsu, daga baya suka zama rundunar da Faransa ta ci ƙasashen mulkin mallakarta da ita. Har yau tambarinsu ƙugiyar jirgin ruwa ce. An buɗe gidan tarihin a 1981, aka sabunta shi aka sake buɗewa a 2022. Ban da kayan kallo yana da ɗakin ajiyar takardu, kuma a kan shirya lacca ga jama'ar gari, ƙungiyar abokan gidan na ɗauke da hidimar. Laccar ce ta kai ni. Mai masaukina ɗan Tasawa ne da ya daɗe yana aiki a Marseille, shi ne bakina da kunnena a tafiyar, tunda Faransancina bai wuce gaisuwa ba.

Mun iso da sauran rana, sai ya ce mu fara ganin masallaci. Ba nisa da gidan tarihin, tsakanin itatuwa, wani jan gini ya tsaya mai hasumiyoyi da ƙahonni, abubuwa kamar itatuwa sun leƙo daga jikin bango irin na ginin ƙasa. Missiri ake ce masa. An kwaikwayi babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, sai dai da siminti aka yi shi aka shafe shi da launin jar ƙasa. An fara aikin a 1928 aka gama a 1930, da shawarar wani kyaftin baƙar fata, Abdel Kader Mademba, don sojojin Afirka da ke barikin su rage kewar gida. Har suri na ƙarya aka yi a gefensa domin wurin ya yi kama da daji irin namu. Tsakiyarsa fili ne ba rufi, kuma ba a salla a cikinsa a yau. Mai masaukina ya daɗe yana kallon surin nan. Can ya ce, “Malam, ka ga mutanen nan? Sun kawo maka suri har ƙofar ɗaki, amma hanyar gida suka ƙi nuna maka.”

Daga nan muka shiga gidan tarihin muka zaga a gurguje: kakin soja na zamani daban-daban, bindigogi, tutocin bataliyoyi, lambobin girma. Inda na tsaya shi ne wurin jar hular nan da jar ɗamara da addar da aka san sojojin Afirka ta Yamma da su. Faransawa sun kafa rundunar a 1857 zamanin gwamna Faidherbe, suka kira ta tirailleurs sénégalais, wato 'yan bindigar Senegal, amma mutanen da ke cikinta daga ko'ina aka kwaso su: Bambara, Mosi, Fulani, Zabarmawa, Hausawa, har mutanen Cadi. Bambaranci ne ya zama harshen bariki a wurinsu, kamar yadda Hausa ta zama harshen bariki a rundunar Ingilishi ta wannan ɓangaren namu.

Ɗakin laccar ba shi da wani ado. Kujeru a jere, tebur ɗaya, majigi ɗaya. Mafi yawan mahalarta furfura ce, tsofaffin sojoji da matansu, wasu da 'yar ƙugiyar zinari maƙale a ƙirjin kwat. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, da 'yan ɗalibai masu littafin rubutu, da wasu samari masu askin ƙwal waɗanda ko ba a faɗa maka ba ka san daga bariki suke. Baƙar fata kuwa sai mu. Lokaci na cika aka fara. Babu babban baƙo, babu uban taro, babu jiran wakilin wane. Wani dattijo ya miƙe ya gabatar da mai lacca cikin jimla biyu, ya koma ya zauna.

Mai laccar tsohon hafsa ne da ya koma nazarin tarihi bayan ya ajiye kaki. Batunsa shi ne yadda Fréjus ta zama masaukin hunturu na sojojin Afirka. A 1910 wani hafsa mai suna Charles Mangin ya wallafa littafi yana cewa tunda Jamus ta fi Faransa yawan jama'a, Afirka ce za ta cike giɓin. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aka bi shawararsa. Kusan mutum 200,000 aka ɗiba daga Afirka ta Yamma ta Faransa a tsawon yaƙin, kimanin 30,000 ba su koma gida ba. Abin da Mangin bai lissafa ba shi ne sanyi. Mutumin da ya tashi a Sahel aka jefa shi ramin yaƙi a arewacin Faransa, cikin laka da ƙanƙara, yatsunsa suka sandare har bai iya ɗana bindiga, ƙafafu suka ruɓe a cikin takalmi. Shi ya sa tun daga 1915 aka kakkafa sansanoni a nan kudu, inda sanyi ke da sauƙi. In hunturu ya kama a janye su daga fagen fama, in bazararsu ta shigo a mayar da su. Ko da hakan, ciwon haƙarƙari da tarin fuka sun kwashe mutane da yawa a asibitocin sansanin. Kuma a watan Afrilun 1917, a harin Chemin des Dames, an mayar da su kafin sanyin ya saki, aka yi musu mummunar ɓarna.

Yana magana yana nuna hotuna: bukkokin katako a jere, sojoji na wanki a bakin rafi, layin karɓar abinci. Ya kawo labarin wata mai zane, Lucie Cousturier, wadda gidanta ke kusa da sansanin. Da farko tsoronsu take ji kamar sauran mutanen gari, daga baya ta buɗe musu ƙofa tana koya musu karatu da rubutu, har ta rubuta littafi a kansu a 1920. Ita ce ta soki gurguwar Faransancin da hukumar soja ke koya musu da gangan, wadda har ɗan littafin koyar da ita aka buga a 1916. A nan ɗakin ya ɗan yi motsi, wata tsohuwa a gabanmu ta juya tana raɗa wa ƙawarta unguwar da gidan yake.

Wannan raɗar ta nuna mini abin da ke jan mutane zuwa irin wannan zama. Tarihin da ake faɗa a kan titin da suke bi kullum ya faru. Filin da sansani yake a da, yanzu gidajensu ne. Da mai laccar ya zo kan saukar sojojin ƙawance a gabar Provence ranar 15 ga Agustan 1944, bakin tekun da yake nunawa shi ne inda jikokinsu ke iyo. Ya bi labarin zuwa ƙwato Toulon da Marseille a ƙarshen watan, aikin da sojojin Afirka suka taka babbar rawa a cikinsa, sannan ya faɗi abin da ya biyo baya ba tare da kwana-kwana ba: kafin hunturun shekarar, an cire dubban baƙaƙen sojoji daga rundunar, aka karɓe kayansu aka ba samarin Faransa 'yan gwagwarmaya, aka tura su kudu su jira jirgin komawa. An ce saboda sanyi ne. Ya ce sanyi na ciki, amma har da son a ga Faransawa ne suka shiga Jamus da nasara.

Awa guda ya yi, sannan aka buɗe fagen tambaya, kuma a nan zaman ya fi armashi. Wani tsoho ya miƙe da ƙyar, ya ce lambar bataliyar da aka rubuta ƙarƙashin wani hoto ba daidai ba ce, ya kawo hujjarsa daga alamar da ke wuyan rigar sojan. Mai laccar ya ƙura wa hoton ido, ya amsa cewa haka ne, ya rubuta a takardarsa. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya yi fushi. Wata mata ta fito da hoton kakanta daga jaka, hafsa ne a tsakiyar baƙaƙen sojoji, tana neman a gaya mata inda za ta samo takardun aikinsa, aka kwatanta mata ɗakin ajiyar da za ta rubuta wa. Wata ɗaliba ta tambayi Thiaroye, sansanin da ke kusa da Dakar, inda ranar 1 ga Disamban 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirailleurs da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamusawa, don sun nemi a biya su kuɗinsu. Ya ce hukumar soja ta lokacin mutum 35 ta amsa, wasu masana tarihi na ganin sun kai ɗaruruwa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunan kisan kiyashi. Wasu daga cikin dattawan suka sunkuyar da kai, wasu suka haɗe rai, amma ba wanda ya hana ta magana.

Sai mai masaukina ya ɗaga hannu. Ya ce shi daga ƙasar Tasawa yake, kusa da Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, yana son ya ji abin da ake cewa a kansu a nan.

Mutanen Nijar ba sa bukatar a gaya musu su waye waɗannan, amma da yawa a Najeriya ba su san labarin ba, alhali a ƙasar Hausa ya faru. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, a ƙarƙashin kyaftin Paul Voulet da kyaftin Julien Chanoine, wanda ubansa janar ne da ya taɓa riƙe ma'aikatar yaƙi. Garin da ya hana su hatsi ko ruwa ko 'yan dako, ƙone shi suke yi. Sun gwabza da Sarauniya a Lugu, sun yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Wani hafsa da ya rabu da su, Peteau, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta kai ga hukuma a Faris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yulin 1899, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su duka biyun. Sauran rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen watan, ta je ta haɗu da wasu rundunoni biyu aka kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilun 1900. Voulet hafsa ne na rundunar nan mai tambarin ƙugiya. Klobb ma haka.

Mai laccar bai kauce ba. Ya ce ta'asa ce, kuma tun a lokacin an san ta'asa ce, har wani ɗan majalisa, Vigné d'Octon, ya tayar da maganar a majalisar Faransa. Ya ƙara da cewa abin da ya fi girgiza Faris a wancan lokaci shi ne hafsa ya kashe na gaba da shi, ba garuruwan da aka ƙone ba. An rufe binciken da cewa zafin ƙasar ne ya taɓa musu hankali, ƙasar da suka ci kuwa ba a mayar ba. Daga nan ya jefo wa mai masaukina tasa tambayar: a can Tasawa, me tsofaffi ke cewa? Ya ce shi rahotannin hafsoshi ya karanta, da wasiƙu, da taswira, amma muryar mutanen garuruwan ba ta cikin akwatunan da ya buɗe. Mai masaukina ya ba shi abin da ya ji daga kakarsa, yadda aka watse cikin daji aka bar rumbuna, da yadda har yau tsofaffi ke nuna inda abin ya faru. Na ga ɗaliban nan suna rubutawa da sauri.

Bayan an tashi an ajiye ɗan abin sha da littattafan sayarwa a bakin ƙofa, mutane suka tsattsaya ana ƙarasa musu. Dattijon da ya gyara lambar bataliya ya zo ya riƙe hannunmu, ya ce ya yi aiki a Yamai da ƙuruciyarsa, ya tuna mana cewa Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, a nan Fréjus ya yi makarantar hafsoshi, haka Moussa Traoré na Mali da Mathieu Kérékou na Benin. Yana faɗa yana alfahari. Mai masaukina ya tuna masa cewa tsofaffin sojojin da suka koma gida, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu a inda yake, na takwarorinsu Faransawa na ta hawa, kuma ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai 2011, bayan mutuwa ta kwashe mafi yawansu. Dattijon ya ce wannan abin kunya ne, su ma sun yi ta faɗa. Suka rabu da musabaha.

A jirgin komawa abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kowane ɓangare ke fara labarinsa. A Fréjus labarin sojan Afirka yana farawa ranar da ya sauko daga jirgin ruwa, aka ba shi lamba da jar hula. A wurinmu yana farawa ranar da takarda ta iso wa sarki cewa a kawo samari kaza, aka bi gida-gida, mai hali ya ɓoye ɗansa, marar galihu ya tafi. Ba mugunta ce ta sa suke farawa daga can ba. Takardun da ke hannunsu daga can suka fara, kuma mai shirya zama da abin da ke hannunsa yake shiryawa. Sun ajiye takarda, mun ajiye labarin baka. Tasu tana cikin akwati mai lamba, namu yana ƙirjin tsofaffin da muke binnewa kullum.

Akwai kuma ɓangaren da mu ba mu cika son ji ba. Turawan da ke rundunar Voulet ba su wuce 10 ba. Hannun da ya cinna wa Ƙonni wuta baƙi ne, na sojoji da 'yan rakiya da aka ɗebo daga yamma. Rundunar da ta ƙwato Toulon a 1944 ita ce dai rundunar da aka ci ƙasashenmu da ita, ita aka tura Madagaska da Biyetnam da Aljeriya ta murƙushe masu neman 'yanci. A ɓangaren Ingilishi ma haka: sojojin da suka fasa ganuwar Kano a 1903 mafi yawansu 'yan ƙasa ne, da Hausawa a ciki, kuma magadansu ne mazan jiyan da suka yi yaƙin Boma muke alfahari da su. Waɗanda suka yi harbin kakanninmu ne, waɗanda aka harba ma kakanninmu ne. Tun da sojojin Faransa suka fice daga Nijar a Disamban 2023 ana ta maganar mulkin mallaka a rediyo da dandalin sada zumunta, amma yawanci rabin da ke da daɗin faɗa ake ɗauka. Wannan rabin na biyu sai a zaune, ido da ido, inda wani zai iya miƙewa ya ce ba haka aka yi ba.

Ba mu rasa wurin zaman ba. Akwai Gidan Makama a Kano, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, akwai na Damagaram. Ana lacca a wasunsu, sai dai mun saba ta zama biki: manyan riguna, jerin sunayen manyan baƙi, mai lacca ya karanta takardarsa da Turanci ko Faransanci, a yi addu'a a watse. Abin da na gani a Fréjus ya fi kama da majalisar dattawan ƙofar gida, sai dai an sa mata lokaci, an gayyato wanda ya yi bincike, an kuma ba kowa damar ƙure shi. Kuɗin da ta ci bai wuce na wutar majigi ba.

Batutuwa kuwa ga su nan birjik. Mutane nawa ne ke wucewa ta gaban barikin Dalet a Kaduna ko na Chindit a Zariya suka san cewa daga yaƙin Boma sunayen suka fito? Wa ya taɓa zaunar da mutanen Ƙonni da na Lugu da na Maijirgi a ɗaki ɗaya tare da wanda ya karanta rahotannin Faransawa, a gwada inda labaran suka haɗu da inda suka saɓa? Akwai gidajen da lambar girman kaka ke cikin tsohuwar adaka, jikoki ba su san yaƙin da ya samo ta ba. Sau ɗaya a wata ya isa, bayan la'asar, da Hausa, a sanar a rediyo, a ce wa mutane su zo da hotuna da takardun sallama da abin da suka ji a gida, a ajiye mai naɗar sauti a kan tebur. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram cike suke da malaman tarihi da kundayen ɗalibai da ƙura ta rufe. Mazan jiyan da suka ga yaƙin duniya na biyu da idonsu sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu suna nan, su ma kuma furfura ta kama su. Su ya kamata a fara kira.